Mijina na Ƙasar Ƙanƙara

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa zama ya gagare ni. In na share tsakar gida sai in sake sharewa. In na shiga kasuwar Laranto sayen tumatir sai in dawo da dankali, tumatirin yana can. Abin da ke cina guda ɗaya ne: ina da jika namiji, ya fara wayo, amma ban taɓa faɗa masa magana ya gane ba.

Ubansa ɗan farina ne, don haka ba za a ji sunansa a bakina ba. Karatun duwatsu ne ya kai shi Iceland, ƙasar da aka ce sanyinmu na Jos wasan yara ne a gaban nata. Can ya yi aure, can aka haifi yaron, ya tashi da harshen uwarsa kaɗai. Duk Lahadi sai su kira ni ta bidiyo, a zaunar da shi gaban waya, ya kalle ni in kalle shi kamar mun haɗu a layin asibiti. In na yi magana uban ya fassara. To wane wasa ake yi da tafinta a tsakani?

Ga maƙwabciyata kuma, gidanta cike da jikoki. Kullum ina jin ta ta katanga tana ce wa ƙaraminsu mijin banza, ina cefanen yau, shi kuma yana ce mata ai tun jiya ya sake ta, ta tsufa. Sai ta bi shi da muciya, gidan ya kaure da dariya. Kishi nake ji, ba na ɓoyewa. Ni ma ina da miji, amma yana can bayan duniya, bai ma san an ɗaura mana aure ba.

Shi ya sa na ce zan koyi yarensu. Na ɗauka mai sauƙi ne, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane nahawu. Ashe ban san dawan garin ba. Doki ɗaya, in shi ya yi aikin sunansa hestur, in shi aka gani ya koma hest, in wajensa aka fito hesti, in abin nasa ne hests. Na ce wannan doki ko ɓarawo, kowace unguwa da sunan da aka san shi. Bayan namiji da mace suna da jinsi na uku, kuma siffa dole ta bi kowanne ta sake kama. Ko sunan mutum bai tsira ba. Na sayi alli na cika ƙofar kicin da rubutu, ina tuƙa tuwo ina bita, in goge in sake. Wata rana a motar Bukuru ina ta motsa baki, matar da ke kusa da ni ta ce in saka ta a addu'ar.

Sau da yawa na yi fushi na jefar da wayar kan gado na ce na bari. Kafin ruwan shayi ya tafasa na koma na ɗauka.

Surukata ce ta zama malamata, yarinya mai haƙuri. Nakan aika mata murya, ta gyara ta maido. Sai dai ban taɓa ba ta jimla cikakkiya ba, don ina so in ba su mamaki. Yau in tambaye ta yadda ake cewa mummuna in namiji ne, gobe malalaci, jibi miji. Ta ɗauka darasin littafi nake bi. Ni kuwa ina harhaɗa kayana a ɓoye, ina auna kowace kalma da 'yar'uwarta har na tabbata babu inda ya goce.

Ranar da na shirya har ɗaurin ɗankwali na sake. Aka zaunar da jikan nawa gaban waya, yana wasa da wata 'yar mota. Na gyara murya, na haɗe rai kamar yadda ake yi, na ce masa da harshen uwarsa, "Kai ne mijina. Kai mummuna ne, malalaci. Ba ka saya mini zane ba. Ba na son ka, wani zan nema."

Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na san haka domin ya gane. Ya ajiye motar, ya dube ni. Ina nan ina jiran ya rama, har na fara murmushi. Sai ya juya wajen uwarsa ya yi magana a hankali, kuma ita ce jimla ta farko da na taɓa fahimta daga bakinsa ba tare da tafinta ba.

"Me ya sa Kaka ba ta sona?"

Uwar ta ɗauke shi, na bi bayansu da kallo har suka fice daga wayar. Ɗana ya ce, "Mama, ai nan ba a yin haka." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk watannin nan ina ta fama da yadda ake lanƙwasa kalma, bai taɓa zuwa raina in tambaya ko a garinsu kaka tana auren jikanta ba.

Sun yi masa bayani, na sani. An ce masa wasa ne, haka kakanni ke nuna ƙauna a garin babansa. Surukata har haƙuri ta ba ni, ita da ba ta yi laifin komai ba. Ni ma na haɗa jimlar cewa ina son sa ƙwarai, na faɗa masa ya fi a ƙirga, yana gyaɗa kai.

Yanzu duk Lahadi yana zuwa gaban waya da kansa. Uban ya koya masa gaisuwa da Hausa. Yakan miƙe tsaye, hannuwa a baya, ya ce ina wuni Kaka, ya tambayi lafiyata, ya yi godiya, sannan ya saci kallon uwarsa ya ga ko ya gama. Duk wanda ya gani sai ya ce kai, yaron nan akwai tarbiyya. Ni kuwa in an kashe wayar sai in rasa inda zan sa kaina, domin irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa ke nan. Har yau ban daina karatun ba. Kwanan nan zage-zagensu nake haddacewa, don kada ranar da zai ce mini tsohuwar banza ta zo ya faɗa ban gane ba.