Takardar da Baffa Ya Kawo

Shekarar da aka dakatar da maigidana daga aiki, babu kalmar da na ji ta fi haƙuri yawa. Shi ke kula da ɗakin ajiyar magani a wani ƙaramin asibiti wajen Gwiwa. Wata rana ya tarar an kankare kwanan watan da ke jikin kwalaben maganin yara, waɗanda wa'adinsu ya wuce, an manna sabo. Ya gaya wa shugabansa, aka ce ya kama bakinsa. Sai ya rubuta wa na sama.

Ba a jima ba aka miƙo masa takardar tuhuma, wai yana makara. Mutumin da ke tayar da babur daga Kazaure da an sallame asuba, kunun ma a fulas nake zuba masa! Daga nan sai dakatarwa.

Wani dattijo daga ƙungiyar ma'aikata ya ce masa, "Malam, kana da haƙƙin a saurare ka kafin a yanke maka hukunci. Ka amsa a rubuce, ka nemi zama gaban kwamiti." Ya yi hakan, muka zauna jira, ni kuwa ina ta addu'a.

Ran nan bayan la'asar sai ga Baffa, ƙanin mahaifinsa. Na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe shi. Ya zaro takarda daga aljihu ya ce shugaban ne ya aiko shi.

"Ta ban haƙuri ce kawai. Ka sa hannu, gobe ka koma aikinka. Yaranka fa huɗu."

Maigidana bai taɓa musu da Baffa ba. Na ga ya sunkuyar da kai yana laluben biro. Na ce a ba ni in gani. Da Turanci take, Baffa kuwa karatun allo ya yi.

"Baffa, Allah ya ƙara girma, babu haƙuri a ciki. Cewa ta yi idonsa ne bai ga kwanan watan daidai ba, maganin lafiyarsa ƙalau."

"Ke 'yar boko, wa ya sa da ke?"

"Ku gafarce ni, Baffa. 'Ya'yan mutane ne za su sha."

Baffa ya ja carbinsa. Can ya dubi ɗansa.

"Kai, idon naka lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Au, shaidar zur aka aiko ni da ita, da furfurata? Miƙo nan!" Ya ninke ta, ya ce da hannunsa zai mayar.

Sai bayan damina kwamiti ya zauna. Ranar na goge masa farar rigarsa, ya tafi, ya maimaita abin da ya gani. An kwashe kwalaben. Shi kuma aka mayar da shi aiki, amma a wani ƙauye can bayan Roni, inda hanya ke cin tayar babur. Muka ce mun gode Allah. Ranar Litinin ya kama aiki.