Kawu Mai Agogo da Zangonsa Huɗu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna mai gyaran agogo, a kan kujerarsa ta aiki, tabarau a hanci.

Kawu, kowa a layinmu ya san ba ka isa shago sai ka ya da zango huɗu: wurin mai walda, tela, mai kayan miya, da mai faci. Yau kowannensu rantsuwa yake shi ne amininka. Ka yafe mini, zan fasa ƙwan. Ciwon sha-raɓar ƙafarka ne ke tsayar da kai. Taku ɗari, sai ta ɗaure kamar an sa filaya, sai ka tsaya kana tambayar lafiyar iyali har ta saki.

Takardar asibiti ni na karanta maka, da yatsa, tunda karatun nawa na tsintuwa ne. Jijiyoyin jini sun tsuke, naman ƙafa ba ya samun isasshen jini in ana tafiya. Likita ya ce ka bar sigari, ka riƙa tafiya har ciwon ya taso, ka huta, ka ci gaba, in ba haka ba wata rana sai an yanke ƙafar. 'Yan'uwa masu ilimin baka suka ce a zaunar da kai a ɗaki. Na wanke su tas, har yau wasu ba sa amsa gaisuwata, ni ma ban yi kewarsu ba. Kai kuwa dariya ka yi, ka ce bakina ya fi ƙafarka buƙatar likita.

Ka yar da sigari, ka kama tafiya. Bayan wata shida kana wuce zangon farko ba ko ɗingishi. Sai mai walda ya yi fushi, ya aiko a tambaya laifin me ya yi aka daina tsayawa wurinsa. Na ce ka faɗa masa gaskiya, shi ba magani ba ne. Ka ce:

"Kai yaro, mutum ya shekara biyu yana ajiye mini benci, in ce masa ƙafata ce ke gaishe shi?"

Washegari ka koma tsayawa, zango huɗu cif, sannan ka ƙara zagaye da yamma don cika umarnin likita. Da ƙafafunka biyu muka kai ka makwanci.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna da 'ya'yanka uku, Allah Ya ba su haƙuri. Kai kuma mai walda, share hawayenka. Shekara biyun farko ciwo ne ya tsayar da shi, ban musa ba. Ukun ƙarshe kuwa don kai ya tsaya.