Ƙofofin Iskar da Na Toshe

Da hantsin ranar Asabar, 14 ga Janairu, 2023, ina kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, abokinmu Alidu ya kira ni daga Zikrit, can bakin teku a yammacin Qatar, ya ce Allah Ya yi wa Abdulbaqi Sani Ɗanbatta rasuwa. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu duka. Bayan kwana biyu, Abdulbaqi, muka kai ka makwancinka a maƙabartar Mesaimeer da ke nan Doha. Shekararka arba'in da huɗu. Ka bar matarka Sauda, da 'yarka Atine, da mahaifiya a Kano wadda har yau na kasa ɗaga waya in yi mata gaisuwa.

Abdulbaqi, mutane da yawa sun yi rubutu a kanka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni na jinkirta kwana ashirin da uku saboda tsoro. Likitoci sun ce iskar garwashi ce ta ɗauke ka a cikin karaban ɗinmu, wannan ɗaki mai taya da muke ja da mota zuwa zango, wato kwanan shaƙatawa a sahara. Abin da ba su sani ba, iyalinka ma ba su sani ba, shi ne ni Mu'azu na toshe ƙofofin iskar ɗakin da hannuna, wata goma kafin ranar, kuma ban taɓa faɗa maka ba. Ina rubuta wannan ne don Sauda ta karanta kafin kowa, domin sau huɗu ina zuwa ƙofar gidanka da niyyar faɗa, ina komawa da maganar a cikina.

A 2016 muka haɗu, a wani sunan jariri a unguwar Madinat Khalifa. Kai ma'aikacin jinya a sashen gaggawa, ni malamin lissafi. Da ka ji daga Zariya nake, ka ajiye cokali ka ce ashe har nan bayinku suka biyo ku. Daga ranar ban ƙara samun sakat ba. Ka gano da wuri cewa ni matsoraci ne, kuma ban taɓa musu ba. Ina duba kulle sau uku kafin in fita, ba na shiga teku ya wuce gwiwata, in jirgi ya ɗan girgiza sai an ji kalmar shahadata har kujerar baya. Kai kuwa Allah Ya yi ka da faɗin zuciya. Kana yi mini dariya, amma kai ne mai riƙe hannuna.

Karaban ɗin kai ka gano shi, a watan Afrilun 2020, lokacin da annoba ta rufe gari. Wani Bature mai komawa ƙasarsu ne ya sa shi a kasuwa. Fari ne, ɗan kumbure kamar ƙwai, shi ya sa ka raɗa masa Ƙwai. Jikinsa na faiba ne, irin abin da ake yin tankin ruwa da shi, an zuba shi ɓari biyu an haɗe, ba tsatsa, ba yoyo. Na kawo dalilai goma na kada mu saya: ba mu iya ja ba, ba mu san ina za mu sami kayan gyaransa ba, waye zai je zango ana mutuwa. Ka bar ni na gama, sannan ka ce ba don zango kake so ba. Sauda na da asma, kai kuma kullum kana cikin masu cutar tun safe har yamma, kana tsoron ranar da za ka kai mata ita a jikin rigarka. Wannan ne karo na farko da na ji ka ambaci tsoro da bakinka. Muka haɗa kuɗi muka saya a makon.

Wata biyar ka yi a cikinsa, a ƙofar gidanka na unguwar Ain Khaled, da wayar wuta da aka jawo ta taga. Sauda ta ajiye maka abinci a kan matakala ta koma, sai ta rufe ƙofa kake fitowa ka ɗauka. Atine tana da shekara huɗu a lokacin, ba ta gane me ya sa babanta yake kwana a mota ba. Kowace yamma sai ta tsaya a tagar falo, kai kana tagar Ƙwai, kuna biya Ƙulhuwallahu ta waya kuna kallon juna. Da zazzaɓin ya kama ni a watan Yuni, na tabbata tafiya ce ta zo, har na fara yi wa matata Ruƙayya wasiyya. Ka zo cikin rigar leda, ka auna numfashina, ka ce Bazazzagi ba ya mutuwa da sauƙi haka, in tashi in sha kunu. Kwana tara kana zuwa bayan ka tashi daga aiki.

Da aka buɗe gari muka fara fita zango. Alidu ne ya koya mana. Mutumin Zangon Kumasi ne, direban wani gida na 'yan ƙasa, kowane sanyi shi ke ja musu nasu karaban ɗin zuwa sahara. Shi ya nuna mana yadda ake ɗaura ƙugiya da sarƙa, da yadda ake rage wa taya iska kafin a shiga rairayi, da yadda ake ribas. Kai ka iya a wuni ɗaya. Ni har yau in na juya sitiyari dama, Ƙwai hagu yake tafiya. A Zikrit muka fi sauka, can yamma, inda duwatsun nan farare suke kallon ruwa. In ɗari ya matsa, kana da ɗabi'ar da ka taso da ita a gida: ka kwashi garwashin shayi a kasko ka shiga da shi ɗaki. Na yi maka magana tun ranar farko. Ka durƙusa ka nuna mini wata 'yar raga a ƙasan ƙofa, ka nuna mini wata a rufi, ka ce waɗannan ba sa rufuwa ko an so, haka masu ƙirar suka yi don iska ta riƙa ratsawa. Ka ce kuma minti kaɗan ne, ɗaki na ɗumi za ka fitar. Na gani da idona, na kuma ji da kunnena.

A watan Maris na bara na tafi zango da Ƙwai, ni da iyalina mu kaɗai. Da safe ƙaramar 'yata ta miƙa hannu za ta ɗauki takalminta a bakin ƙofa daga ciki, dab da ragar nan, sai ga kunama baƙa a ciki. Ruƙayya ce ta fizge ta. A ranar muka tattara muka koma Doha. Washegari na sayo silikon, farin danƙon nan na liƙe kafa, na kwance ragar ƙasa na cusa soso na shafe, na mayar da ita na ɗaure. Na hau tsani na yi wa ta rufi haka. Daga waje ba mai gane an taɓa. Zafi ya riga ya shigo, kasko ko a raina bai zo ba. Na yi niyyar faɗa maka, sai na tuna irin tsiyar da za ka shekara kana yi mini, a ce kunama ɗaya ta sa Bazazzagi ya liƙe gida. Na ce sai wani lokaci.

Lokacin ya zo kuwa, na bar shi ya wuce. Da aka fara gasar cin kofin duniya, 'yan'uwan Alidu uku suka zo daga Ghana kallon ƙwallo, masauki ya gagare su. Kai da ko sunan ɗan wasa ɗaya ba ka sani ba, ka jawo Ƙwai ƙofar gidanka, ka shimfiɗa musu, Sauda tana dafa musu abinci mako biyu. Ranar da suka tafi muna share ɗakin tare, ka shafa kan kabad ka nuna mini yatsanka.

"Ka ga aikin faiba? Wata takwas a ajiye, ko rairayi bai shiga ba."

Na yi murmushi, Abdulbaqi. Maganar tana kan harshena, na haɗiye ta na ci gaba da shara. A duk abin da ya faru, wannan murmushin ne yake hana ni barci.

Tafiyar ƙarshe da ni aka shirya ta, takardun jarrabawar ɗalibai suka riƙe ni. Alidu ya ce ya kwana a tantinsa, kai a Ƙwai. Kun yi asuba tare, kun sha shayi, iskar teku tana kaɗawa da ƙarfi. Ka ce masa mako guda ba ka yi barcin kirki ba, za ka ɗan kishingiɗa. Ya ga ka kwashi garwashi ka shiga ka ja ƙofa, abin da ya saba gani. Ya ɗauki fatsarsa ya bi gaɓa. Da ya dawo wajen ƙarfe goma ya same ka a gefenka na dama, bargo har kafaɗa, kamar mai barci.

Bayan sadakar uku hukuma ta sakar mana karaban ɗin, Alidu ya jawo shi gidana. Bai tafi ba. Ya ɗauko sukundireba a motarsa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kwance ragar. Ya daɗe yana kallon farin silikon ɗin.

"Malam Mu'azu, wane ne ya toshe wurin nan?"

Na ce ban sani ba, wataƙila Baturen ne. Ya ɗago ya dube ni. Shi da ya sha wanke ragar nan a gabana shekara biyu. Ya mayar da ita ya ɗaure, ya ce khalas, shi ke nan, Allah Ya sani, ya shiga mota. Tun ranar in na hango shi a masallaci sai in sake sahu.

Ban san ko da ƙofofin nan a buɗe suke za ka rayu ba. Na tambayi likitoci biyu a kaikaice, ɗaya ya ce wataƙila, ɗaya ya ce garwashi a ƙaramin ɗaki ba shi da tabbas ko da taga. Na san ajali ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Amma na san kuma ka rufe ƙofar nan ne kana dogaro da abin da ka nuna mini, ni kuwa na cire shi ban gaya maka ba. Ina tsoron fuskar Sauda. Ina tsoron ranar da Atine za ta girma ta tambaya. Fiye da duka ina tsoron tsayuwar da za mu yi ni da kai a gaban Allah, ka juyo ka ce, Mu'azu, me ya hana ka faɗa?

Makon jiya na kai maganar wurin wani malami bayan sallar isha'i. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce batun kaffara zai bincika ya faɗa mini, amma akwai haƙƙin magada a gaba da shi, kuma ba shi zai yafe mini wannan ba, ba kuma za su yafe abin da ba su sani ba. Da na dawo na gaya wa Ruƙayya. Ta yi kuka, ta ce ita za ta kai takardar. Jiya da safe na ɗauki wuƙar kicin na ɓamɓare silikon ɗin, sama da ƙasa. Aikin bai ɗauke ni minti biyar ba.

Maman Atine, ki yi haƙuri da na zo miki da wannan kina cikin takaba. Sau huɗu kina gode mini ta bayan labule, kina cewa mijinki bai yi asarar aboki ba, ina amsawa. Yanzu kin san abin da na sani. Ban rubuto don ki tausaya mini ba. Haƙƙinki ne da na Atine da na Hajiya a Kano, duk abin da kuka yanke na karɓa, ko da cewa za ku yi kada in sake taka ƙofarku. Alidu, kai ma ka yafe mini ƙaryar da na yi maka.

Allah Ka jiƙan Abdulbaqi, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka saka masa da numfashin bayinKa da ya tsaya a kai lokacin annoba, da baƙin da ya saukar, da matsoracin da ya riƙe wa hannu shekara bakwai. Allah Ka ba Hajiya da Sauda da 'yan'uwansa na Ɗanbatta juriya, Ka raya Atine a kan abin da ubanta ya ɗora ta. Ina miƙa ta'aziyyata ga abokan aikinsa da dukan jama'armu na Doha.

Ni kuma, duk wanda wannan takarda ta kai gare shi ya sa ni a addu'a. Gobe bayan la'asar zan je Ain Khaled in ji amsa. Atine ce take buɗe ƙofa kullum, da gudu, tana kiran Baffa Mu'azu ya zo, kuma ban san ko gobe za a bar ta ta buɗe ba.