Shekarar da Na Riƙe Irin Gero

Mu biyu ne maza a wajen Babanmu. Yayana ya riƙe gona a ƙauyenmu da ke bayan Sakajiki, ni kuma boko ta kawo ni Kaura Namoda, ina koyarwa a wata firamare. Tun ina yaro an san halina. Idan aka aike ni sayen gishiri, sai in tsaya a bakin ƙofa ina tunanin yadda zan yi in na tarar mai gishirin ya tafi masallaci. Matata takan ce da ana sayar da tunani a kasuwa da tuni mun gina bene. Ni kuma in hasala, in ce mata hangen nesa ake kiransa.

A kakar shekarar da aka ƙona rumbuna a wasu ƙauyukan wajenmu, Yaya ya zo mini da ɗaurin zangarniyar gero a bayan babur na aro. Ba geron ci ba ne, iri ne. Babanmu ya yi shekara da shekaru yana zaɓensa, kowace kaka yana bin gona yana cire kawunan da suka fi cika, har ya samu gero mai saurin nuna wanda ya saba da jigawarmu. Bayan rasuwarsa Yaya ya ci gaba da haka. Ya ce yanzu gari ya fi ƙauye aminci, in ajiye masa. Da hannunsa ya rataye ɗaurin a rufin madafarmu, inda hayaƙi ke dukansa kullum, ya ce kada a taɓa.

Bai yi mako da tafiya ba na taɓa. Na yi tunanin ɓera, na yi tunanin gobara, na yi tunanin wata baƙuwa ta zo ta ɗauka geron kunu ne. Sai na sauke shi, na naɗe a leda ninki biyu, na sa a akwatin ƙarfe na kulle. Ranar har ina jin kaina, wai na gyara abin da mutumin ƙauye bai hango ba.

Da bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa gajimare, Yaya ya kira ni a waya.

"Malam, ka taho mini da irin nan ran Asabar. Binne za ni yi."

Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ƙwaya ta kwanta ta jira. Haka Babanmu yake yi, haka Yaya ya taso ya gani. Amma ni sai na buɗe masa aji. Na ce idan yayyafi ya jiƙa ƙasa ya ɗauke, ƙwaya ta tsira ta ƙone fa? Idan zabi suka tone fa? Irin nan shi ke nan gare mu, babu wani. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, in dai taho da shi.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ban taɓa ce masa a'a ba. Da na ce ba zan kawo ba, da ya nemi babur ya zo ya ɗauki abinsa. Cewa na yi ina nan tafe, shi kuma ya yarda, ya ci gaba da sharar gona. Asabar ta farko na ji an ce an ga baƙin fuskoki wajen Kurya Madaro, na fasa, ko da yake masu babura sun yini suna kai da kawo. Asabar ta biyu na shirya tsaf, har na sa takalmi, sai na kalli sama na ga fes, na ce wannan ruwan da saura. Ta uku ma ban tuna dalilin da na ba kaina ba, amma na tabbata mai kyau ne, don ban taɓa rasa dalili mai kyau ba. Matata ta ce in ba zan je ba in ba wani ya kai. Na daka mata tsawa, na ce amanar Babanmu ba a ba kowa.

Ruwa ya sauka ranar Talata da hantsi, ina cikin aji. Ruwa ne na gaske, irin wanda ke hana a ji maganar juna a ƙarƙashin kwano. Ɗalibai suna ta murna, ni kuwa alli ya tsaya a hannuna. Duk wanda ya yi binne ya gama aikinsa ke nan yana zaune a ɗaki. Rafin da ke kan hanyarmu ya cika, kwana huɗu ba a ƙetarewa. Yana janyewa kuma hanyar ta lalace da gaske, 'yan bindiga suka tare ta, masu babura suka daina bi. Tsoron da na yi ta ƙirƙira lokacin da hanya take lafiya, sai ga shi ya zo da kansa.

Yaya bai iya jira ba. Ya shuka abin da ya samu a hannun mutane, gero mai jan lokaci wanda bai san ƙasarmu ba. Da hanya ta buɗe na je ɗauko irin, ina ɗaga murfin akwati wari ya buge ni. Ledar ta yi gumi, kusan rabin zangarniyar ya yi baƙi da ruma. Na shanya abin da ya rage, na mayar rufin madafa a ɓoye kamar ɓarawo mai mayar da kayan sata. Na kira Yaya na ce tunda ya riga ya shuka, bari in ajiye masa sai baɗi. Maganar ruma kuwa na haɗiye ta.

Damina ta ɗauke da wuri a shekarar. Maƙwabtansa da suka yi binne sun ci tumu, shi geronsa ya tsaya da kai babu ƙwaya. Da na je gaishe su bayan kaka, na tarar turken bijiminsa na huɗa babu komai. Ya sayar ya sayi hatsin da zai riƙe gida. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya tambayi lafiyar iyali da makaranta. Ko kalma ɗaya bai ce mini ba a kan iri. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Daga nan tunanina ya juya baya. Ina cin abinci ina lissafin Asabar ɗin nan uku, ina salla ina kan hanyar Sakajiki. Na rame. Matata, wadda ta san maganar ruma, ta ce na cuci mutum da tunani, yanzu kuma ina so in biya shi da tunani, alhali ba ya cika masa rumbu. Na ji zafin maganar ƙwarai, don gaskiya ce.

Da bazara ta zagayo ban jira kira ba. Na ɗaure irin a babur na tafi. A tsakar gidansa na kwance ɗaurin, na faɗa masa komai, leda da akwati da ƙaryar da na yi. Ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hure, ya ciji ƙwaya ɗaya.

"Wani ya mutu, wani na da rai," in ji shi. "Ba mu za mu rarrabe su ba. Tashi mu tahi gona."

Ya ɗauki sungumi yana gaba yana saran ramuka, ni ina baya da ƙwaryar iri. Aikina in zuba, in tura ƙasa da ƙafa, in taka. Amma a kowane rami sai na tsaya ina duba ƙwayoyin, ina zaɓen masu haske. Har na koma baya na tone wani don ina shakkar na zuba ko ban zuba ba. A nan ne, karo ɗaya tak a duk wannan al'amari, Yaya ya ɗaga mini murya.

"Mi kake tonawa? Wanda ka ruhe ya hita hannunka. Zuba, taka, wuce."

Na bi shi. Yana da sauri, idan na tsaya tunani sai ya bar ni da ramuka goma a buɗe. Dole ƙafata ta koyi tafiyarsa. Zuba, taka, wuce. Muna kai ƙarshen gona wajen azahar na lura tun ɗazu babu abin da ke yawo a kaina sai rami na gaba. Rabon da in ji kaina shiru haka har na manta. Na zauna a gindin gawo ina haki, na ji kunya da sauƙi lokaci guda.

Shukar ta fito da giɓi da yawa, amma ta fito. Da kaka Yaya ya bi gona ya cire kawunan da suka fi cika. Bayan kwana kaɗan sai ga shi a ƙofar gidana a Kaura, da ɗauri a bayan babur. Na roƙe shi ya kai wa wani, na ce ni ban cancanta ba. Bai ko kalle ni ba, ya wuce madafa ya rataye shi inda ya rataye na farko.

"In na kira, ka taho da shi," ya ce. "Tunanin ka yi shi bisa hanya."

Ban warke duka ba. Har yanzu idan na shiga madafa nakan ɗaga kai, ɓera da gobara su zo mini, sai in sa hannuna a aljihu in fita. Bana da ya kira, kafin azahar ina ƙauye. Na tarar da shi ya gama shara, yana gyara ƙotar garmar hannu a kusa da turken, wanda har yau babu komai a kansa.