Dutsen Garinmu da Ya Ƙi Fitowa a Taswira

Duk ƙasar Faransa, daga wannan bakin teku zuwa wancan, babu mahaluƙin da ya kai ni sanin garinmu. Ko ɗaure mini ido aka yi da rawani aka jefo ni daga jirgin sama, ina dira zan gaya maka gonar wa na faɗa, har da akuyar da ta fara kuka. Haka nake faɗa a shagona na Lyon inda nake sayar da atamfa da turare da kayan miya, haka nake faɗa a wurin suna, kuma ba a taɓa ƙaryata ni ba, domin 'yan garinmu da ke nan ba su cika tabarma ɗaya ba.

Abin da na fi iya labarinsa shi ne dutsenmu. Kakana, mahaifin babana, shi ya sari garin. Ya hau kan dutsen ya duba gabas ya duba yamma ya ce nan za a zauna, kuma da ya rasu, tun kafin a haife ni, a gindin dutsen aka rufe shi. Ni ma na hau dutsen nan ina yaro. Nakan ce idan ka fara hawa da hantsi, sai an kira azahar za ka ga samansa. Tudun nan na Lyon mai coci a kansa, wanda baƙi ke haki kafin su kai, nakan nuna wa yarana shi daga gidanmu na unguwar Bron in ce ƙanen namu ne, ƙanen ma na goye.

Babbar ɗiyata a nan aka haife ta. Sau ɗaya aka kai ta gida tana goye, ba ta tuna komai sai abin da na zuba mata a kunne. Da ta shiga jami'ar da ke kusa da mu, sai malaminsu ya ba su aiki: kowa ya binciko asalin gidansu, ya tsaya gaban aji ya nuna a tsohuwar taswira inda kakanninsa suka zauna. Ta dawo da murna ta ce ta riga ta gaya wa malamin labarin dutsen, har ya ce bai san akwai irin wannan dutse a yankin ba, yana ɗokin gani.

Na ce, "Ina zai sani? Shi ya taɓa zuwa?"

Ta ce, "Papa, abu ɗaya nake so. In ɗora yatsana a kan takarda in ce nan kakan babana yake kwance."

Na bugi ƙirji na ce wannan aikin ƙiftawar ido ne. Ta gano cewa tsoffin taswirorin ƙasarmu, tun na zamanin Turawan mulki, suna ajiye a wani babban ɗakin karatu a Paris. Na rufe shago, muka hau taram, ɗan jirgin cikin gari, zuwa gar, wato babbar tasha, muka kama jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Tun daga Lyon har Paris ban bar dutsen nan ya huta ba. Kafin mu sauka har ya yi gajimare a wuyansa.

A ƙofar ɗakin taswirori aka raba ni da jakata da alƙalamina, aka miƙo mini fensir kamar ɗan lakwal da ya fara boko. Wurin tsit, ko tari mutum ya yi sai an waiwayo. Matar da ke kula da ɗakin ta kawo wani faffaɗan kwali, ta fitar da taswira uku na yankinmu, ta shimfiɗa su a tebur ta danne kusurwoyin da 'yan jakunkuna masu nauyi. Ta ce ta farko sojojin mulki suka zana ta da hannu, ta biyu an yi ta gab da samun 'yanci, ta ukun kuma ta bayan nan ce. Ta nuna mana yadda ake karantawa: shuɗi ruwa ne, 'yar shuɗiyar da'ira rijiya, ɗige-ɗigen baƙi gidaje. Layukan nan masu launin ƙasa da ke kewaye juna kamar zoben albasa, su ne tudu. In sun yi yawa sun matsu, dutse ne mai tsayi.

Na ce wa ɗiyata, "To ki nemi inda albasar ta fi girma, nan ne gidanmu."

Muka fara da sabuwar. Ga gulbi, ga garin kasuwa da muke zuwa ranar Laraba, ga hanyar mota ta jan tsakuwa. Ga sunan garinmu kwance a bakin hanyar, daidai inda na bar shi. Na yi murmushi na ɗauki gilashin ƙara girma da matar ta ara mini, na sunkuya don in gaida dutse.

Babu.

Fili ne fetal, kamar an shafe da dutsen guga. Babu layi ko ɗaya. Na goge gilashin da bakin rigata, na sake dubawa. Na juya takardar kai ƙasa, matar ta yi gyaran murya, na mayar da ita.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ashe da ƙarfi na faɗa. Wani tsoho mai gemu a tebur na gaba har fensirinsa ya faɗi. Na ce wa matar da Faransancina na kasuwa akwai kuskure a nan, an manta da dutse guda. Ta ce wannan taswirar daga hoton da aka ɗauka ta jirgin sama aka yi ta. Na ce to ranar matuƙin barci yake ji. Ɗiyata ta ja hannun rigata ta ce, "Papa, arrête, ka bari, ana kallonmu."

Na ce a bar wannan ta yaran zamani, a kawo ta tsakiya. Muka bi hanyar motar da ido, sai babu hanyar ma sam. Na ɗora yatsa inda garinmu ya kamata ya zauna, babu gida, babu rijiya, sai 'yan alamun ƙaya. Gumi ya karyo mini a cikin ɗakin da ake busa sanyi. An sace dutse na yi haƙuri, yanzu kuma an kwashe gari ɗungurungum, da masallacinsa da mahautarsa da ɗakin da aka yanke mini cibiya.

Ɗiyata ce ta hango sunan. Yana can nesa, kudu da gulbi, wurin da ni a sanina gonakin gero ne kawai. Muka jawo tsohuwar ta hannu, wadda ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi. A nan kuma sunan garinmu ya tsallake gulbin ya koma arewa, can cikin jejin da ko kiwo ba a bari mu je. Gari ɗaya, wuri uku. Na zauna daɓas a kujera.

Ɗiyata ta bi takardun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Papa, tun ina ƙaramar makaranta nake gaya wa 'yan ajinmu mu 'yan dutse ne. Har zana shi na yi aka manna a bango. To yanzu ina zan ɗora yatsan? Ko kakan ma babu shi?"

An sha yi mini dariya a duniya ban damu ba, amma ban taɓa ganin yarinyar nan ta dube ni irin duban da ake yi wa ɗan talla ba.

Mutum ɗaya ya rage mini a Paris: kawuna, yayan mahaifiyata, Alhajin da ya fara kawo ni ƙasar nan. Ya daɗe yana safarar kaya tsakanin gida da nan, yanzu tsufa ya zaunar da shi a Saint-Denis. Aka yarda ɗiyata ta ɗauki hoton taswirorin da wayarta, muka cusa kanmu cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na layi goma sha uku, inda mutum ke numfashi da hancin maƙwabcinsa.

Muka sami Kawu ya idar da la'asar yana zaune a kan darduma. Muka gaisa, gida, iyali, shago, sanyi, gajiyar hanya, har Hajiyarsa ta kawo shayi da dambun nama. Ya dubi ɗiyata ya ce, "Amaryata, wa ya taɓa ki? Faɗa mini in raba shi da duniya."

Ban bari ta amsa ba. Na ce, "Kawu, yau na ga abin da ya fi ƙarfin ido. Turawan nan sun yi mana ta'asa. Sun ɗauki garinmu suna yawo da shi a takarda kamar tallan goro."

Ya karɓi wayar, ya ɗora tabarau, ta buɗa masa hoton da yatsu. Ya dubi ta farko, ya dubi ta biyu. Bai ko girgiza ba.

"To mi ne na ta'asa? Ai daidai suka yi. Nan aka haife ni." Ya taɓa arewacin gulbi.

Na ce, "Kawu, a jeji?"

"Jejin gidanku. Gari ne, kakanka ya sare shi. Ina yaro rijiyar ta yi ɗaci, ko jaki ba ya sha, muka tashi muka koma kudu. Da aka yi hanyar mota kuma muka sake tashi muka bi ta, shekarar da aka yi auren uwarka."

Ɗiyata ta matso. "Kaka, gari yana tashi?"

"Ƙwarai kuwa. Ku nan kun saba da gidan da ya fi mutum nauyi. Mu can in ruwa ya ƙi, sai a ɗauki jinkar ɗaki a ka, maza huɗu ga jinka ɗaya, a tsige ƙofa, mata su ɗauki dutsen niƙa da tukwane. Sunan gari kuwa ba a barin shi, tare ake tahiya da shi. Abu biyu kaɗai ba su ɗaukuwa: itatuwa da matattu."

Duk lokacin da na je gida, kafin in kwance kaya sai na tafi maƙabartar bakin hanya, in tsaya daga gefen da ke kallon dutsena, in ɗaga hannu in yi wa kakana addu'a har idona ya kawo ruwa. Na ce, "Kawu, to wa nake yi wa addu'a duk shekarun nan?"

"Mutanen kirki ne su ma, sun gode. Kakanka dai yana can kufai. Allah ya san inda yake kwance."

"Amma don Allah me ya hana a gaya mini?"

"Ba a kai yara kufai. Da ka girma kuma, yaushe ka taɓa yin shiru har a gaya maka wani abu?"

Hajiya ta yi dariya daga kicin har da buga cokali.

Ɗiyata ta karɓi wayar ta ƙara buɗa tsohuwar taswirar, ta yi ta buɗawa har zanen ya fara dushewa. Sai ta ce, "Kaka, duba nan." Gefen ɗige-ɗigen gidajen akwai ɗan zobe guda mai launin ƙasa, ƙanƙane kamar ƙwayar wake, wanda ni ban gani ba don ina can ina faɗa da Turawa. A gindinsa kuma wata 'yar alama. Ta duba bayanin da ke ƙasan takardar ta ce alamar maƙabarta ce.

Kawu ya cire tabarau. "Tudun rairayi ne, da kuka biyu a kansa. Nan kakan ubanki ya tsaya ya ce a sauke kaya. Nan ƙasa aka rufe shi, gabas da kukar. Ina tsaye aka yi."

Ta ɗora yatsanta a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta dube ni, duban ya dawo irin na da. Ta ce wannan ma ya fi labarin dutse, ba wanda zai zo aji da garin da ya yi tafiya da ƙafarsa. Ta ce in hutu ya zo tare za mu je kufan, mu yi addu'ar a inda ya dace, Kawu zai kwatanta mana kukar.

Ina jin haka jinina ya dawo. Na gyara zama, na kai loma biyu na dambu, na ce, "To kun gani? Ashe dai akwai dutse! Na faɗa ko ban faɗa ba? Wuri ne kawai ya ɗan goce. Kuma bayan wannan na kufai, ga nawa na bayan gidanmu, wanda na hau da ƙafata tun daga hantsi har azahar. Wannan kam matuƙin jirgin ne ya yi ha'inci, ko gaban alƙali zan maimaita."

Kawu ya kurɓi shayi ya ajiye kofin a hankali.

"Na bayan gidanku? Ƙasar da aka fitar ce da aka gina rijiya, mata suka mayar da ita juji. Rabin tsayinsa tokar murhun uwarka ce."