Sanda Uku a Tudun Tsamiya

Da an sallame sallar La'asar, Malam Maccido zai dawo ɗakin direbobi, ya ciro wayarsa daga aljihu, ya goge fuskarta da bakin hannun riga, ya ajiye ta a kan taga. Shayinsa kan huce yana kallonta. Abokan aikinsa sun daina tambaya. A daidai wannan lokaci ne ƙanwarsa Lantana kan hau tudu a ƙauyensu, Tungar Mode, don a duk faɗin garin nan ne kaɗai waya ke kama magana.

Shekara goma sha tara ke nan yana tuƙi a wani kamfani da ke Sama Road. Yana zaune a Ƙofar Kware, amma hanyoyin daji ya fi sani: ya san inda yashi ke cin taya, ya san rafin da ake ƙetarawa da rani a kuma ji tsoronsa da damina. Shi ya sa lokacin da aka ba kamfanin aikin zagaya ƙauyuka a auna inda babu sabis, don a kafa musu turakun sabis, shi aka ba makullin mota.

Injiniyan da ya ɗauka yaro ne Bakano, Sharifuddeen, mai yawan raha. Kwana shida suna yawo. Duk garin da na'urarsa ta awon sabis ta yi shiru, sai ya rubuta sunansa cikin jerin masu jiran turke. Rana ta bakwai suka doshi Tungar Mode. Tun daga nesa na'urar ta mutu murus.

"Baba Maccido," in ji Sharifuddeen yana dariya, "ashe daga cikin tulu ka fito! Nan ko aljani ya kira matarsa ba za ta ji ba."

Wasa ne irin na Bakano da Basakkwace, wanda ake yi kullum a manta. Amma ran nan ya sami Maccido a wurin da ke ciwo. Ga bukkokin garinsu sun bayyana a gaban gilashi, ƙanana, sun durƙusa cikin gero kamar masu neman gafara.

"Injiniya, wanga gari ba irin waɗanda munka baro ba ne," ya ce. "Muna da sabis. Kullum da shi muke magana."

A Tungar Mode ba a zaunar da baƙo sai a inda ya fi ko'ina. Maccido ya raɗa wa mai gari cewa inuwar tudu ce ta dace da baƙon, aka ɗauki tabarma da ƙwaryar fura, aka ƙetare rafi, aka hau tudun tsamiya. Can aka shimfiɗa wa injiniya. Yana cikin shan fura na'urar ta farka, ta nuna sabis sanda uku ƙyam. Sharifuddeen ya ɗaga hannu.

"Na tuba, Baba. Garinku birni ne."

Ya rubuta cewa akwai sabis. Maccido ya tuƙo su gida ƙirjinsa a buɗe. Bayan wata takwas turke ya tashi a wani gari mai nisa, ba a kuma ƙara ambaton Tungar Mode ba. Mutanen garin suka ce rabo ne bai zo ba. Shi ya san abin da ya kori rabon.

Damina biyu bayan haka mahaifiyarsa, Inna Dije, ta rasu da hantsi. An kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse, babu mai iya kaiwa tudu. Lantana ta tsaya a bakin ruwa da waya a hannu tana ɗaga ta sama kamar mai roƙon hadari. Aka yi wa tsohuwa sutura, aka kai ta bayan Azahar. Sai washegari ruwa ya janye, wayarsa ta yi ƙara a kan taga. Ya je ya tarar da ƙasa ta riga ta kwanta. A zaman makoki mutane na ta cewa, "Da akwai sabis da ka sami jana'iza," shi kuwa yana amsa addu'a kansa a ƙasa. Ko Lantana bai faɗa wa ba.

Bana aka ce za a sake raba turaku, kuma da tsohon jeri za a yi aiki. Duk garin da aka rubuta yana da sabis ba za a waiwaye shi ba. Kwana uku Maccido na kaiwa ƙofar ofishin Sharifuddeen, wanda yanzu shi ne shugaban sashe, yana juyowa. Rana ta huɗu wayar ta yi ƙara. Lantana ce, tana haki saboda hawan tudu.

"Yaya, gwiwa ta fara ƙi. Wata rana in ba ka ji ni ba, kar ka ce wani abu ya faru."

Ya bar shayin, ya shiga ofis, ya tsaya bai zauna ba.

"Yallaɓai, Tungar Mode babu sabis. Ni na yi maka ƙarya."

"Haba Baba, da idona na ga sanda uku."

"Kan tudu ka gani. Tsakaninsa da gari akwai rafi. Ka ce daga tulu na hito, ni kuma na ji kunya, sai na kai ka inda babu mai kwana. Uwata ta rasu ban sani ba sai da ta kwana cikin ƙasa."

Sharifuddeen ya cire tabarau.

"Ni ma ai laifina ne. Wuri ɗaya na auna, na sha fura, na taho." Ya jawo takarda. "Ba zan iya canja jeri da baki ba, sai an sake awo. Kuma mai gari zai tambayi dalili."

"Ni zan hwaɗa mishi. Gaban kowa."

"Gobe da safe, to. A ina za mu tsaya?"

"Ƙohwar ɗakin Inna."

Maccido ya ɗauki makullin motar daga kan ƙusa, ya gyara hularsa, ya fita ya ja ƙofar a hankali.