Kwamfutar da Maigidana Bai Kai Ga Saya Ba

Maigidana ɗaukar bidiyon biki ce sana'arsa. Aure, suna, walimar sauka, har bikin coci, duk inda aka kira shi a Birnin Gwari da ƙauyukanta zai goya kyamara ya hau babur. Kwamfutarsa ta tsufa. Da ya sa ta haɗa bidiyo sai ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ƙame ana tsakar aiki. Shekara guda ya yi yana zaɓen wata. Ina duba littattafan 'yan ajina, shi kuma yana karanto mini daga waya: wannan tana da ƙarfi amma batirinta ba ya jimawa, waccan kuma ta fi ƙarfinmu.

"Malam, ka sayi kowacce mana mu huta," nakan ce.

"Bari dai masara ta zo gida," in ji shi.

Masara na gab da bushewa 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Dogon Dawa, yana dawowa daga ɗaurin aure. Washegari aka kawo mini shi a bayan a-kori-kura. Kyamarar ba ta dawo ba.

Da na fita takaba, wata dattijuwa da muke koyarwa tare, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, ta zo gaisuwa karo na uku. Sai da na raka ta zaure ta ce, "Malama, ki yafe ni. Bikin 'yata da ya ɗauka, ko yana nan? Babanta ya rasu bayan bikin, a nan kaɗai za mu sake ganinsa."

Yana nan. A gwangwanin madara na samu memori huɗu, bukukuwan da bai ƙarasa haɗawa ba. Tsohuwar kwamfutar kuwa ko kunnuwa ta ƙi. A ƙarƙashin gwangwanin akwai katin gayyata da ya yi rubutu a bayansa: ram goma sha shida, ma'aji mai sauri, batir awa huɗu.

Na sayar da masarar, na bi motar safe zuwa Kaduna, kowa cikin motar idonsa na kan hanya har muka fita daga daji. A shagon masu kwamfuta ta hannu, mai shagon ya dinga tura mini wata siririya mai sheƙi. Na miƙa masa katin.

"Hajiya, wanda ya rubuta wannan ya san aiki. Ki kira shi mu yi magana, zai fi sauƙi."

"Ya rasu."

Ya ce Allah ya jiƙansa. Ya mayar da mai sheƙin, ya duƙa ya jawo wata baƙa mai nauyi, murfinta a tsage, harafi ɗaya ya ɓalle.

"Wannan ba ta da kyan gani, shi ya sa take da araha. Amma ram ɗinta ya cika goma sha shidan da ya rubuta, ba za ta ƙame miki ba. Batirin dai awa biyu ne, ba zan ɓoye miki ba. Wadda ta cika ukun nan, kuɗinki ba za su kai ba."

Na daɗe ina kallon katin. Garinmu wuta ba ta zama, na san dalilin da ya sa ya rubuta awa huɗu. Babu wanda zan tambaya. Na ɗauki baƙar. Mai shagon ya zauna da ni har la'asar, yana nuna mini yadda ake yanka bidiyo a jona.

Ranar Asabar na sa memorin farko. Amarya ta bayyana a ƙofar coci, sai na ji an ce, "Baba, ka matso kaɗan, rana na bayanka."

Muryarsa ce. Ban taɓa tunanin mai riƙe da kyamara ma yana shiga ciki ba. Yana tari, yana dariya, yana ce wa mata su ba shi hanya. Na rufe murfin, na fita tsakar gida na tsaya a rana.

Mako uku na yi ina aikin, awa biyu kullum, gwargwadon batir. Na san shi yakan cire muryarsa kafin ya miƙa aiki, don haka ni ma na bi ta ina cirewa. Kowace magana tasa sai na saurara sau da yawa kafin in gane inda zan yanka.

Na kai wa dattijuwar muka kalla a ɗakinta. Da mijinta ya fito a allon ta dafe baki. Can ta juyo.

"A nan mijinki ya faɗi wani abu har Baba ya yi dariyar nan. Me ya ce?"

Na faɗa mata, kalma bayan kalma, don na haddace. Ta riƙe hannuna muka yi kuka, bidiyon na ta tafiya.

Sauran ukun na ƙarasa su kafin damina, na miƙa wa masu su. An zo ana neman in ci gaba da sana'ar, na ce ban iya ba. Na bincika memorin huɗun nan kaf, daga farko har ƙarshe, ko zan ga fuskarsa sau ɗaya. Ban gani ba.